Jarka Uku Ba Su Isa Ba: Yadda Hunturun Manitoba Ya Fasa Famfunan Wata Tirelar Tafi-da-Gidanka

Ranar Lahadi, 10 ga Oktoba 2021, bayan Magariba kaɗan, ƙanin matata ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, ruwan hodar nan ya ƙare ban gama ba. Akwai wata jarka a gareji ta motar Maman Biyu, ita ma ruwan hoda ce. In ƙarasa da ita?"

Daga bayansa ina jin muryar matarsa: "Don Allah Baban Biyu, ka ajiye jarkar nan tukuna har ka ji ta bakin Yaya."

Ruwan hodar da ya ƙare masa maganin hana daskarewa ne mai launin hoda, wanda ake turawa cikin bututun ruwan tirelar tafi-da-gidanka kafin hunturu. Na ce ya juya jarkar garejin ya faɗa min abin da ke jikinta. Ya ce akwai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, sai hoton lagireton mota. Gabana ya faɗi. Na ce, "Rufe ta. Ɗora ta can sama inda yara ba za su kai ba. Ko ɗigo ɗaya kada ya shiga tirelar nan." Ya ce to. Na yi hamdala na ajiye waya, ina ganin an tsallake rijiya da baya.

An tsallake ɗin kuwa, amma ashe da sauran rina a kaba. Akwai tambayar da ya kamata in yi masa a daren ban yi ba, kuma har yau abin yana damuna, domin ni ne mai sana'ar: ta yaya jarka uku suka kasa isar tirelar da jarka biyu ke isarta har a samu ragowa? Amsar wannan tambayar ita ce dukan lamarin, sai dai ba mu same ta ba sai bayan wata bakwai.

Tirelar da masu ita

Ni aikina kula da famfo da na'urorin ɗumama ɗaki a gidajen haya a birnin Winifeg na lardin Manitoba, a Kanada. Ƙanin matata ma'aikacin jinya ne, yana yawan aikin dare. A watan Yuni na 2021 ya sayi tirelar ta hannu, mai tsawon ƙafa 24, irin wadda ake ɗaura wa a-kori-kura a ja. Annobar korona ta hana zuwa gida shekara biyu a jere, 'yan biyunsa sun gaji da zaman ɗaki, shi ya sa ya juya kuɗin tikitin jirgi zuwa wannan. Sun kwana da ita a Birds Hill da ke nan kusa da gari, sun je Grand Beach a bakin Tafkin Winifeg, sau ɗaya kuma mun bi su har Riding Mountain, tafiyar wajen awa uku.

Ga wanda bai taɓa shiga irinta ba, ɗan ƙaramin gida ne a kan taya. A ƙarƙashinta akwai tankin ruwan sha. Wani ƙaramin inji mai aiki da batir na volt 12 yana jan ruwa daga tankin ya tura cikin bututu, in matsi ya cika ya yi shiru, in an buɗe famfo ya tashi. Akwai kuma bakin da ake jona tiyo daga famfon sansani kai tsaye. Bututun kala biyu ne, shuɗi na ruwan sanyi, ja na ruwan zafi. Akwai hita, tukunyar ɗumama ruwa, mai cin galan 6, wato kusan lita 23. Sai famfon kicin, da na wanke hannu, da shawa, da masai mai feda, da wata 'yar shawa a waje cikin akwati a jikin bango. Ruwan wanke-wanke da tankinsa, na masai da nasa.

Abu biyu suka bambanta wannan tirela da ta maƙwabtansu a sansani. Na farko, satin da aka saye ta ya yanka bututun da ke ba masai ruwa ya sa mahaɗi mai baki uku, ya jona tiyon tsarki, domin gidan Musulmi ba ya zaunuwa da takarda kaɗai. Na biyu, shawar wajen nan da wasu ke wanke ƙafar kare da ita, su wurin alwalarsu ce. Duk asuba a nan ake tsugunawa. A riƙe waɗannan biyun.

A Manitoba lokacin fita sansani gajere ne. Galibi ana buɗewa wajen dogon hutun ƙarshen mako na watan Mayu, a rufe zuwa hutun godiya, Litinin ta biyu a Oktoba. Daga nan sai hunturu, kuma hunturun nan ba irin sanyin Jos ko na Funtuwa ba ne. A Janairu da Fabrairu, dare mai digiri 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne. Tirela kuwa a waje take kwana, ba wuta, ba ɗumi, bangonta bai kai faɗin tafin hannu ba.

Duk wanda ya taɓa mantawa da kwalbar lemo a firiza ya san abin da ke biyo baya. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Ledar fiya wata takan kumbura ta yi tauri ta tsira, kwalba kuwa sai dai a kwashe ta da tsintsiya. Haka abin yake a tirela. Bututun robar da ake kira PEX yana da ɗan miƙewa, sau da yawa yakan jure. Mahaɗai da bawuloli da kawunan famfo na busasshiyar roba su ne kwalaben. Wani abin kuma, ba lallai inda ƙanƙarar ta fara nan ke fashewa ba. Ƙanƙara takan toshe bututu a wuri ɗaya ta riƙa girma, ta matse ruwan da ya rage tsakaninta da rufaffen famfo, har matsin ya nemi wuri mafi rauni ya ɓalle.

Abin da ya yi a ranar

Ba zan ce ya yi sakaci ba. Ya kalli bidiyo a YouTube fiye da ɗaya, ya rubuta matakai a takarda. Ya je wurin zubar da ƙazanta ya juye tankin masai, sannan na wanke-wanke. Ya buɗe tankin ruwan sha ya tsiyaye. Ya buɗe 'yan bututun nan biyu, ja da shuɗi, da ke leƙowa a ƙarƙashin tirela don zubar da ruwan layi. Ya kashe wutar hita da gas ɗinta tun da safe, ya bari ta huce, ya ɗaga bawul ɗin rage matsi, sannan ya kwance toshiyar ƙasa ruwan ya fita. Wannan ya yi shi daidai, kuma da yawa a nan suke ƙona hannu ko su ƙona ƙarfen hitar. Ya mayar da toshiyar ya ɗaure. Ya sa ɗan tiyon da ke gefen inji cikin jarka, ya kunna.

Abin da bai yi ba guda ɗaya ne. A bayan hita akwai bawuloli, a wata tirelar ɗaya, a wata biyu, a tasa uku, waɗanda in aka juya su ruwa zai kewaye hitar ya wuce daga layin sanyi zuwa na zafi ba tare da ya shiga cikinta ba. A bidiyon da ya kalla bawulolin a fili suke. A tasa suna bayan wani falankin katako a ƙasan kabad ɗin kicin, an ɗaure shi da kusoshi huɗu. Ya leƙa bai gan su ba, sai ya ɗauka tasa ba ta da su.

Saboda haka da inji ya tashi, sai ya tarar da tukunya fanko mai lita 23 a gabansa. Jarka uku masu lita 3.78 kowacce ba su wuce lita 11 da 'yan kai ba. Ya buɗe ɓangaren sanyi na kicin, ruwan hoda ya fito, ya ji daɗi. Haka famfon wanke hannu da shawar ciki. Da ya buɗe ɓangaren zafi sai iska kawai ke fita tana feshi, ya fassara hakan da cewa layin babu ruwa. Yana cikin wannan jarka ta uku ta ƙare, bai taka fedar masai ba, bai matsa tiyon tsarki ba, bai buɗe akwatin shawar waje ba. A nan ne idonsa ya kai kan jarkar gareji.

Bayan wayarmu niyyarsa ya sayo ƙari a cikin satin. Amma wa'adin kai tirelar filin ajiya a bayan gari ya zo, ya kai ta. Aikin dare ya biyo baya sati biyu a jere. Ya riƙa ce wa ransa ai mafi yawa an yi. A Nuwamba dusar ƙanƙara ta sauka ta zauna, kuma a wannan shekarar ta yi yawa ƙwarai, har hanyar shiga filin sai da ta toshe.

Abin da muka tarar a Mayu

Bayan Ƙaramar Sallah ta 2022 muka jawo ta ƙofar gidansa. Ya ɗauko tiyo zai jona da famfon gida, na hana shi. Gwajin farko bayan hunturu da injin tirela nake yin sa, saboda inji yana magana. In layi lafiya yake, zai yi gurnani na ɗan lokaci ya yi tsit. In da ɓaraka, ba zai yi shiru ba, ko ya yi shiru ya sake tashi. Famfon gida kuwa ba ya faɗin komai, zai yi ta ɗura ruwa a ƙarƙashin daɓe har sai ka ga yana bin taya.

Muka zuba ruwa a tanki muka kunna. Inji ya tashi bai tsaya ba. Kafin in kai hannu ga makunni ɗaya daga cikin 'yan biyun ya ƙwala kira daga ban-ɗaki, "Abba, ruwa! Ruwa a bayan masai!"

Bawul ɗin masai ya tsage a gindinsa. Kan tiyon tsarki ya rabe biyu a tsaye kamar an tsaga rake, mahaɗinsa mai baki uku ma ya fashe. Shawar waje, wurin alwala, duka kawunanta biyu sun tafi. A ƙasan sinkin kicin akwai filta a cikin gwangwanin roba mai ba wani siririn famfon ruwan sha, wanda ko tunawa da shi bai yi ba a Oktoba. Gwangwanin ya tsage daga wuya har gindi.

Muka canza waɗannan a kwana biyu, muka sake kunnawa. Inji ya yi shiru. Muna shirin tafawa sai ya yi "gurr" na daƙiƙa ɗaya ya tsaya. Bayan wajen minti huɗu ya sake. Wannan ɗan gurnanin ya fi duk sauran cin lokacinmu. Na kwanta rigingine a ƙasan ban-ɗaki da tocila a baki, ina bin kowane mahaɗi da busasshiyar takardar goge hannu, in naɗa, in jira, in duba. A wata gwiwar jan bututu, inda layin ya yi ƙasa kafin ya hau zuwa shawa, takardar ta fito da ɗigo kamar ƙwayar gero. Tsagar ba ta kai kaurin gashi ba. Iskar da ya ji tana fita ta ɓangaren zafi ta bi ta saman ruwan da ya kwanta a wannan kwarin ne ta wuce, ta bar shi a nan.

Ga kuma abin da bai lalace ba: inji lafiya, famfon kicin lafiya, na wanke hannu lafiya, ko'ina ruwan hoda ya ratsa lafiya. Da za a zana taswirar tirelar a shafa ja a inda ya fashe, a shafa hoda a inda maganin ya kai, babu wuri ɗaya da launukan biyu za su haɗu. Maganin da ya saya mai arha ne, amma ya yi aikinsa a duk inda aka kai shi.

Da na kwance falankin nan na nuna masa bawuloli uku, ya daɗe yana kallonsu. Muka buɗe toshiyar hita, ruwan hoda ya yi ta bulbulowa. Ga jarkokinsa nan, sun yi hunturu a wurin da ba a buƙatarsu, domin tukunyar da aka zubar wa ruwa ba abin da sanyi zai yi mata, ɗan ragowar da ke gindinta yana da filin kumbura. Hasali ma cutar da ita suka yi. Irin hitarsa tana da wani sandan ƙarfe a jikin toshiya wanda aikinsa ya ci tsatsa a madadin tukunya, kuma maganin daskarewa yana cinye shi. Mun ciro shi ya zagwanye, ga gari-gari fal a gindin tukunya.

Wane ruwan hoda?

Muna cikin ɗauraye hitar Maman Biyu ta fito da shayi, ta tsaya ta shaƙi iska. Ta ce, "Yaya, wannan warin fa? Kamar na sifirit ɗin asibiti." Na sa aka nemo tsohuwar jarkar a gareji na karanta. Etanol ne. Ta ajiye faranti ta ce, "Wato duk hunturun nan barasa ce kwance a bututun da muke alwala da shi, muke dafa abinci?"

A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi buƙatar bayani, domin launi ba ya faɗin abin da ke cikin jarka. Rini ne kawai ake zubawa.

Wanda ya so ya ƙarasa da shi a daren nan ruwan lagireto ne, tushensa sinadarin etilin gilaikol. Da can kore aka san shi, shi ya sa mutane suka riƙe cewa kore na mota ne, hoda na famfo. Wannan ƙa'ida ta mutu. Yau akwai ruwan lagireto ruwan lemo, da rawaya, da shuɗi, kuma na wasu motocin Japan da na Jamus ruwan hoda ne sak. Guba ce mai kisa. A asalinsa zaƙi gare shi, abin da ke jan yara da karnuka da kyanwoyi ke nan, ko da yake yanzu kamfanoni da dama suna zuba masa sinadarin ɗaci. Wanda ya sha da farko kamar maye yake yi. Daga nan hanta ta juya shi zuwa wasu sinadarai masu tsami, a ƙarshe su haɗu da sinadarin kalsiyam su zama 'yan tsakuwoyi su toshe ƙoda a cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da bai kai rabin kofin shayi ba yana iya kashe babban mutum in ba a kai shi asibiti da wuri ba, a ba shi makari ko a yi masa wankin ƙoda.

Mu 'yan Najeriya bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan wannan dangin sinadari ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu, har da na Zariya, bayan an ba su maganin haƙori na My Pikin. Abin da ya kashe su ɗan'uwan wannan ne, dayetilin gilaikol, wanda ya shiga maganin a matsayin firofilin gilaikol marar illa. Sunaye masu kama da juna, ruwa mai kama da juna, ƙoda ce ta bambance su. Tun da na faɗa wa Maman Biyu wannan ta kwashe jarkar lagireton daga gareji gaba ɗaya ta kai wa makanikensu.

Wanda aka yi domin bututun ruwan sha kuma iri uku ne a kanti, duka ruwan hoda, sau da yawa a kanta ɗaya. Akwai na etanol, shi ne mafi arha, shi ne ake jibgewa a bakin ƙofar kanti da kaka. Yana hana fashewa, ba musu. Amma yana kama wuta, yana busar da robobin famfo da na masai in ana maimaita shi shekara da shekaru, kuma yana barin wari da ɗanɗano a bututun roba wanda sai an sha ɗauraya. Akwai na firofilin gilaikol zalla, ya fi tsada. Sinadari ne da ake sa wa a abinci da magunguna, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi a jerin abubuwan da ake ɗauka ba su da illa. Ba ya kama wuta a yadda ake sayar da shi, yana da santsi mai taimakon robobi, warinsa kaɗan ne. Na uku gauraye ne na biyun.

A kan tambayar Maman Biyu, na ce mata ni ba malami ba ne. Malamai sun yi magana a kan barasar masana'antu wadda aka lalata ba a yi ta don sha ba, kuma ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba. Ta tambayi wanda ta amince da shi. Abin da na sani a matsayina na mai famfo, ɗauraya tana fitar da shi. Amma ra'ayina na faɗa mata a fili: tunda ga wanda babu barasa a cikinsa a kanta ɗaya, kuma shi ya fi wa robobin tirelar kyau, kuma bambancin kuɗin jarka biyu a shekara bai kai na man zuwa Birds Hill ba, ban ga dalilin da zai sa mutum ya sa wa zuciyarsa waswasi ba. Sai dai a karanta bayan jarka, domin wani gaurayen a gabansa sunan firofilin ne da manyan baƙaƙe, etanol ɗin yana baya da ƙanana. Alama mai sauƙi: in ka ga hoton harshen wuta, da barasa a ciki. In ka ga ƙoƙon kai, ajiye ta ka bar wurin. A Turancin jikin jarka, sunan gubar ethylene glycol, da harafin E ya fara, na mai lafiyar propylene glycol, da P.

Ko mai lafiyar ma ba abin sha ba ne, kuma yana cutar da jinin kyanwa. In ana ɗauraya a tara a bokiti, kada a bar shi ya kwanta a tsakar gida.

Saura lambar da ke jikin jarka, wadda ta fi komai ruɗar mutane. A Kanada za ka ga an rubuta digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A Amurka 50 ɗin ta Faranhait ce, wadda ta yi daidai da wajen 46 a namu. Wannan lamba ba ta nufin ruwan zai zauna a ruwansa har zuwa nan. Tana nufin sai an kai nan ne zai kumbura har ya fasa bututu, kuma galibi da bututun tagulla ake wannan awon, roba takan sallama kafin nan. Tun sanyi bai yi nisa ba maganin yake fara kauri ya zama kamar ƙanƙarar da aka daka, amma ba ya kumbura kamar ruwa, kuma abin da ake nema ke nan. Sharaɗin shi ne kada a surka shi. A yadda ya zo ake zuba shi. Duk ruwan da ya tarar a bututu yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ba a rufe famfo da zarar an ga hoda-hoda, sai launin ya yi daidai da na cikin jarka.

Kaka ta biyu

A 2022 ba mu jira hutun godiya ba. Ranar Asabar, 1 ga Oktoba, muka yi aikin tare, shi yana yi ina tsaye. Kafin komai na sa ya zagaya tirelar ciki da waje da takarda, ya rubuta duk inda ruwa ke iya fitowa. Ya ƙirga tara. Matarsa ta ƙara masa na goma, bakin wanke tankin masai da ke waje.

Akwai masu cewa iska kaɗai ta isa: a ɗaura ɗan mahaɗi a bakin shigar ruwa, a jona kwamfuresa, a hure layi. A inda sanyi ke leƙowa ya koma, wataƙila. A Manitoba ban yarda ba, kuma gwiwar jan bututun nan ita ce hujjata. Iska ba ta kwashe ruwan da ya kwanta a kwari, ba ta shiga cikin inji, ba ta taɓa ruwan da ke lanƙwasar magudanar sinki. Ni biyun nake haɗawa, iska ta fara, magani ya biyo, don kada ya tarar da ruwan da zai surka shi. Awon iskar 30 zuwa 40, kwatankwacin na tayar ƙaramar mota, kada a wuce, kuma a bar famfo ɗaya a buɗe kullum.

Ya zubar da tankuna da hita kamar bara. Ya juya bawuloli uku, na sa ya manna musu farin tef ya rubuta "hunturu" da kibiya, "bazara" da kibiya. Ya cire filta ya juye gwangwaninta. Muka hure layi. Sannan tiyon inji ya shiga jarkar firofilin. Ba ma zuba magani a tankin ruwan sha, domin yana cin jarkoki da yawa kuma fitar da shi wahala ne. Ya fara da famfo mafi kusa da inji, sanyi sannan zafi. Wannan karon da ya buɗe ɓangaren zafi, cikin 'yan daƙiƙu hoda ta fito, ya juyo ya kalle ni bai ce komai ba. Ya taka fedar masai har kwanon ya yi hoda. Ya matsa tiyon tsarki a cikin bokiti. Ya fita ya buɗe wurin alwala, kai biyu. Bakin wanke tankin masai ba ya kan layin inji, shi da iska muka hure shi sannan muka tura masa magani da ɗan famfon hannu. Ya kashe inji, ya buɗe famfo matsi ya sauka, sannan ya cire 'yar rariyar bakin shigar ruwa ya danna tsinken bawul ɗin da yatsa har hoda ta tsarto. Kofi guda a kowace magudana, kofi guda a kwanon masai don robar ƙasa kada ta bushe. Jarka biyu, da ragowar kusan kwata.

A Janairu ya sake kira da dare, murya a sama. Ragowar jarkar da ya bari a but ɗin mota ta daskare, ya girgiza ta ba ta motsi sosai. "Yaya, an sayar mana da jabu!" Na ce ya duba jarkar, ta kumbura? Ya ce a'a. Na ce ya matsa ta da hannu. Ya ce tana lotsawa, kamar kunun da ya kwana a firiji. Na ce to haka ta cikin bututun take, ya je ya kwanta.

A Mayun 2023 muka mayar da bawuloli kan "bazara", muka ɗauraye layi har ruwa ya fito garau. Muka zuba bilic kwatan kofi, wajen mililita 60, ga kowane galan 15 na tanki, muka tura shi kowane famfo, muka bar shi awa huɗu, muka sake ɗaurayewa sau biyu. Sabon sandan ƙarfe a hita, sabuwar filta. Sannan aka rufe komai aka kunna inji. Ya yi gurnani ya tsaya. Muka zauna a kan matakalar tirela da agogo a hannu, 'yan biyun an ce kowa ya yi shiru. Minti ashirin bai sake tashi ba.

Daɓen bayan masai, inda ruwan bara ya jiƙa katako, har yanzu yana ɗan lotsawa in an taka. Mun sa ranar ɗaga shi bayan Babbar Sallah.